Karayar tattalin arzikin Amurka ta 1929: yunwa ta mai da 'yan ƙwadagon gona ɗaya, ko raba su ta ƙara yi?

Sadiku_Tarihi:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai maganar da muke ta ja ni da wani abokina, na ce bari in kawo ta gaban manya. Bayan kasuwar hannun jarin Amurka ta ruguje a watan Oktoban 1929, abin ya yi ta taɓarɓarewa har ya zama a 1933 kusan mutum ɗaya cikin huɗu na ma'aikata ba shi da aikin yi. Ni dai a ganina, a gonaki wannan masifa ta mai da kowa ɗaya. Turawan da suka saba raina baƙaƙen fata da 'yan Meziko su ne suka dawo suna tsinkar auduga tare da su a kunya ɗaya, suna kwana a bukkokin kwali da tsumma. Abokina kuma ya ce sam, wariya ma ƙaruwa ta yi a lokacin. Ina gaskiyar take?

Malam_Ilu:
Wa alaikumus salam. Malam Sadiku, abokin naka ya fi ka kusa da gaskiya. Kafin 1929 manyan gonakin Kalifoniya da hannun baƙin haure da 'yan ci-rani suke tafiya: da farko 'yan Sin, sai 'yan Japan, sannan 'yan Meziko da 'yan Filifin. Da aiki ya yi wuya, abu na farko da hukumomi suka yi shi ne neman wanda za a rage. Aka fara kwashe 'yan Meziko ana mai da su ƙasarsu, wasu da kame, wasu da barazanar yanke musu tallafin abinci har sai sun yarda sun hau jirgin ƙasa. A watan Fabrairun 1931 jami'an shige da fice suka rufe wani dandali da ake kira La Placita a Los Angeles da rana tsaka, suka tsare ɗaruruwan mutane suna neman takardunsu. Manufar ita ce a tsorata sauran. Masana tarihi sun saɓa kan adadin waɗanda suka bar ƙasar a shekarun nan, daga 400,000 zuwa sama da miliyan ɗaya. Babban kaso daga cikinsu kuma 'yan ƙasar Amurka ne.

Ummu_Hanif:
Malam, 'yan ƙasa kuma? Yaya za a kori mutum daga ƙasarsa?

Malam_Ilu:
Malama Ummu, yara ne mafi yawa. A tsarin mulkinsu duk wanda aka haifa a ƙasar ɗan ƙasa ne, amma idan an tasa ƙeyar uwa da uba, yaro ɗan shekara shida ina zai tsaya? Sai ya bi su zuwa ƙasar da bai taɓa gani ba. Sai a 2005 majalisar dokokin Kalifoniya ta yi dokar neman afuwa a kan wannan.

Baffa_Danladi:
Ni ina bayan Sadiku, kuma ina da dalili. Ku dubi yadda aka yi da Turawan da suka taso daga Okalahoma da Akansas da Teksas suka bi babbar hanya mai lamba 66 zuwa Kalifoniya. Fararen fata ne, Kiristoci ne, kakanninsu a ƙasar aka binne su. Amma da suka iso da katifu ɗaure a kan tsofaffin motoci, “Oki” aka riƙa kiransu, daga sunan Okalahoma, kuma zagi ne. Ana cewa ƙazamai ne, malalata ne, masu kawo cuta ne, 'ya'yansu na shan tsangwama a makaranta. A watan Fabrairun 1936 shugaban 'yan sandan Los Angeles, James Davis, ya tura 'yan sanda 136 can iyakokin jihar, nesa da birnin da yake da iko a kansa, su riƙa mai da duk wanda ba shi da kuɗi a aljihu. Har doka jihar ke da ita da ta sa shigo da matalauci cikinta ya zama laifi. An hukunta wani mutum don kawai ya je Teksas ya ɗauko ɗan'uwan matarsa, sai da Kotun Ƙoli ta soke dokar a 1941. To wannan wace launin fata ce aka duba? Talauci aka tsana, jama'a. Mai shi ko fari ne ko baƙi.

Abu_Maryam:
Amma fa kada mu manta fari, wato rashin ruwan sama, shi ne ya kore su. Ruwa ya ɗauke shekara da shekaru, iska ta kwashe ƙasar noma. Ranar 14 ga Afrilun 1935 guguwar ƙura ta rufe rana har tsakar rana ta koma kamar dare. Wannan jarrabawa ce daga Allah, ba hannun mutum ba.

Injiniya_Kabiru:
Ɗan'uwa Abu Maryam, farin gaskiya ne, guguwar ma gaskiya ce, amma akwai gyara biyu. Na farko, ita kanta ƙurar da hannun mutum a ciki: an kafta filayen ciyawa miliyoyin eka an shuka alkama lokacin da take tsada, da ruwa ya ɗauke babu saiwar da za ta riƙe ƙasa. Na biyu, kaɗan ne daga cikin waɗanda suka je Kalifoniya suka fito daga ainihin yankin guguwar. Akasarinsu daga yankunan auduga suke, gabashin Okalahoma da Akansas da Teksas da Mizuri. Waɗannan faɗuwar farashi da tarakta da manufar gwamnati ne suka tashe su.

Dattijo_Haruna:
Injiniya ya taɓo wurin da ciwon yake. Bari in ɗan tsawaita, ku yi haƙuri da ni.

A kudancin Amurka bayan an soke bauta a 1865, tsarin da ya maye gurbinta shi ne noma-mu-raba. Mai gona zai ba ka fili da alfadari da iri da bukka, ya riƙa ba ka bashin gari da naman gishiri daga shagonsa har kaka. Idan an cire auduga, rabi nasa ne, daga rabin naka kuma a cire bashin da ruwansa. Littafin lissafi a hannunsa yake, sikeli nasa ne, shi ke kai audugar kasuwa. Baƙar fata da ya ce a nuna masa lissafi yana iya rasa bukkarsa a daren, ko ma ransa. Da yawa shekara za ta ƙare a ce musu har yanzu ana bin su.

Sai farashi ya faɗi. Laba ɗaya ta auduga da ake sayarwa kusan santi 17 a 1929 ta koma ƙasa da santi 6 a 1931. Da Shugaba Roosevelt ya hau mulki a 1933, gwamnatinsa ta kawo dokar daidaita harkar noma: a biya manomi ya rage abin da yake nomawa don farashi ya tashi. A shekarar nan aka bi audugar da ta riga ta tsiro, kimanin eka miliyan 10, aka kife ta da garma. An ruwaito cewa alfadaran ma ƙin taka kunyar suka riƙa yi, domin tun suna ƙanana da bulala aka koya musu su bi kwari kada su taka shuka, sai ga shi yau da bulalar ake tilasta musu su tattake ta.

To kuɗin diyyar wa aka miƙa wa? Mai gona. An ce ya ba manoman da ke ƙarƙashinsa kasonsu, amma kwamitocin da ke sa ido a ƙananan hukumomi masu gonakin ne da kansu ke zaune a ciki. Mai gona ya duba ya ga idan babu mai noma-mu-raba a filinsa, ba wanda zai raba kuɗin da shi. Sai ya sallami iyalai, ya sayi tarakta da kuɗin gwamnati, lokacin shema da tsinka ya ɗauki waɗanda ya kora a matsayin 'yan ƙwadagon yini. An kori fari an kori baƙi, wannan Baffa ya yi gaskiya. Amma Bature da aka kora yana da ƙuri'a a wurare da dama, yana iya shiga ofis ya ɗaga murya. Baƙar fata a kudu an toshe masa zaɓe, kotu ba tasa ba ce, ɗan sanda ba nasa ba ne.

Abu_Maryam:
Subhanallah. Ana kife abinci da sutura alhali mutane na yawo da tsumma.

Injiniya_Kabiru:
Har aladu ƙanana kusan miliyan 6 gwamnati ta saya aka yanka a shekarar don farashin nama ya tashi. Su a lissafinsu ceton manomi suke yi, kuma farashin ya tashi ɗin. Tambayar ita ce wane manomin.

Hajiya_Kulu:
Kuna ta maganar maza. Ni matan nake tunani. Aikin tsinka da awo ake biya, ba da yini ba, saboda haka duk gidan ne ke fita. Mace za ta rataya dogon buhu a kafaɗa tana ja a ƙasa, tana duƙe tun asuba, ƙwanson audugar nan mai kaifi yana tsattsage mata gefen farce har jini. Jaririnta na kwance a bakin kunya, ko a kan buhun tana ja da shi. Ta dawo ta ɗebo ruwa a kwatar ban-ruwan gona, wanda a ciki ake wanki, ta dafa abin da ya samu. Yara suna barin makaranta su bi amfanin gona daga gari zuwa gari.

Akwai hoton nan da ya zagaye duniya, wanda Dorothea Lange ta ɗauka a Nipomo ta Kalifoniya a watan Maris na 1936: mace ta yi tagumi, yara biyu sun ɓoye fuska a kafaɗunta, jariri a cinyarta. Sansanin masu tsinkar wake ne, sanyi ya ƙone amfanin babu aiki. Idan ka ga fuskar za ka ce ta haura arba'in, alhali shekarunta 32. Sunanta Florence Owens Thompson, kuma ba a san ko ita wace ce ba sai a 1978. Shekara da shekaru ana kallonta a matsayin fuskar talakan Bature, ashe 'yar ƙabilar Cherokee ce, asalin mutanen ƙasar. Ko sisi ba ta samu daga hoton ba.

Sadiku_Tarihi:
Hajiya, wannan ai ya ƙarfafa maganata. Mutane sun kalli hoton sun ga uwa cikin wahala, ba su tambayi ƙabilarta ba.

Hajiya_Kulu:
A'a ɗana. Ba su tambaya ba ne don sun ɗauka tasu ce. Matan Meziko sun fi shekara goma suna wannan zaman a bakin gonakin nan kafin ita, wa ya yi musu kuka?

Barista_Zainab:
Ina so in kawo ɓangaren doka, don a nan ne abin ya daɗe. Manyan dokoki uku aka yi a lokacin don kare ma'aikaci. Ta 1935 da ta ba ma'aikata 'yancin kafa ƙungiya su yi ciniki da mai aiki. Wata ta 1935 ɗin da ta kawo fanshon tsufa da kuɗin rashin aiki. Da ta 1938 da ta kafa mafi ƙarancin lada na santi 25 a awa ta kuma ƙayyade lokutan aiki. Duka ukun sun tsame 'yan ƙwadagon gona, masu aikin gida ma haka aka bar su a waje. Aikin gona da aikatau kuwa su ne sana'ar kusan kashi biyu cikin uku na baƙaƙen fata masu aiki a lokacin. Babu inda aka rubuta kalmar launi a dokar, sana'a kawai aka ambata. Ku yi tunanin tsohon da ya ƙare ƙarfinsa a gonar wani, ko wanda inji ya cinye wa hannu. Abokinsa na masana'anta yana da abin dogaro, shi kuwa ranar da ya kasa ɗaga buhu ranar ce abincinsa ya yanke.

Dr_Mansur:
Barista, da girmamawa, masana ba su haɗu a kan cewa wariya ce dalilin ba, musamman a dokar fansho. Akwai masu cewa matsalar karɓar haraji ce: yaya za ka bi mutumin da yake gona uku a wata ɗaya, ana biyansa a hannu, wani lokaci ma da abinci? Ƙasashen Turai da dama da suka fara irin wannan tsari su ma sun bar manoma a waje da farko. Kuma idan aka ƙirga kawuna, Turawa sun fi yawa a cikin waɗanda aka tsame.

Barista_Zainab:
Likita, na san wannan hujja, kuma a kan fansho tana da nauyi. Amma ba ta amsa sauran biyun ba. Wace wahalar lissafi ce a ce wa mai gona kada ya kori wanda ya shiga ƙungiya? 'Yan majalisar kudu su ke riƙe da manyan kwamitoci, Roosevelt ba ya iya wuce da doka sai da ƙuri'unsu, su kuma ba za su yarda gwamnatin tarayya ta shiga tsakaninsu da masu yi musu noma ba. Batun ƙirga kawuna kuma, Turawa sun fi yawa ne don su ne mafi yawa a ƙasar. Abin dubawa shi ne kaso nawa na kowace al'umma aka bari a rana. Sai a 1950 aka fara shigar da wasu 'yan ƙwadagon gona cikin fanshon, mafi ƙarancin lada kuma sai 1966.

Baffa_Danladi:
To ai ga shi ku da kanku kuna faɗa: masu gona ne ke juya dokar. Kuma akwai lokacin da talakawan suka gane haka. A watan Yulin 1934 a garin Tyronza na Akansas, manoman noma-mu-raba farare da baƙaƙe suka zauna a ɗaki ɗaya suka kafa ƙungiya ɗaya. A kudancin Amurka na wancan zamani wannan ba ƙaramin abu ba ne. An yi musu duka, an harbi gidajensu, an watsa tarukansu a coci-coci, ba su rabu ba. A watan Janairun 1939 kuma manoman noma-mu-raba da iyalansu, sama da mutum 1,000, da aka kora a kudu maso gabashin Mizuri suka kwashe komatsansu suka zauna a bakin manyan hanyoyi cikin tsananin sanyi don duniya ta gani, wani fasto baƙar fata mai suna Owen Whitfield ne ya jagorance su, kuma akwai Turawa a cikinsu.

Malam_Ilu:
Haka ne Baffa, ba wanda ya musa. Amma ka dubi wanda ya fi biya da jini. Yajin aikin masu tsinkar auduga na kwarin San Joaquin da ke Kalifoniya a watan Oktoban 1933, mutum kimanin 18,000, mafi yawansu 'yan Meziko. Masu gona sun ce santi 60 a kan laba 100, wato kusan kilo 45, ma'aikata suka ce dala ɗaya. Nan take aka fitar da su daga gidajen gona. Ranar 10 ga watan masu gona suka buɗe wuta a Pixley suka kashe mutum biyu, a Arvin ma aka kashe ɗaya, duka 'yan Meziko. Waɗanda aka gurfanar kan kisan Pixley kotu ta sallame su. An ƙare a kan santi 75.

Nura_Fresno:
Ni a wannan kwarin nake zaune yanzu, karatu ya kawo ni. Idan na fita da sassafe ina wuce su a gonakin inabi, sun rufe fuska da ƙyalle saboda ƙura da feshi, motocinsu jere a bakin hanya. Kusan duk da Sifaniyanci suke magana. Maƙwabcina ya ba ni labarin kakarsa, a nan jihar aka haife ta, aka sa su a jirgin ƙasa tana yarinya, ba ta iya dawowa ba sai da ta yi aure ta haihu, kuma sai da ta sha wahalar tabbatar da cewa ita 'yar ƙasa ce. Abin da Barista ta faɗa ma bai wuce ba. Har gobe dokar tarayya ta ƙungiyoyi ba ta shafi ɗan ƙwadagon gona ba, kuɗin ƙarin lokaci ma haka. Kalifoniya ce ta yi nata dokokin, na ƙungiya a 1975, na ƙarin lokaci a 2016.

Ummu_Hanif:
Malam Ilu ya ambaci 'yan Filifin a sama, ba wanda ya ce komai a kansu.

Injiniya_Kabiru:
Nasu ma da ciwo, Malama. Ƙasarsu tana ƙarƙashin mulkin Amurka a lokacin, saboda haka suna shigowa ba shamaki, galibi samari marasa iyali. A watan Janairun 1930 gungun Turawa suka yi kwanaki suna farautarsu a Watsonville ta Kalifoniya, har aka harbe wani matashi mai suna Fermin Tobera a ɗakin kwanan ma'aikata. Ana zarginsu da karya farashin ƙwadago da kuma rawa da matan Turawa. A 1933 jihar ta haramta musu auren farar fata, a 1934 kuma aka ƙayyade masu shigowa daga Filifin zuwa mutum 50 kacal a shekara. Da yawansu haka suka tsufa a sansanonin gona ba mata ba ɗa.

Sadiku_Tarihi:
Na gode ƙwarai, na ƙaru. Amma har yanzu tambayata tana nan ta wata fuska. A daidai shekarun 1936 zuwa 1939, Oki da ɗan Meziko da ke tsinka a gona ɗaya, lada ɗaya ake ba su, ruwan kwata ɗaya suke sha, ɗan sanda ɗaya ke korarsu. A wannan lokacin dai ba ɗaya suke ba?

Dattijo_Haruna:
Ɗana, ka dubi ƙofar fita. Da yaƙin duniya na biyu ya zo, masana'antun jiragen ruwa da na sama suka buɗe a gaɓar Kalifoniya, Okin ya ajiye buhu ya shiga, ya samu ƙungiya da fansho, ɗansa ya tashi ba mai kiransa da wancan suna. Baƙar fata sai da jagoran ƙwadago baƙar fata A. Philip Randolph ya yi barazanar jagorantar gagarumin tattaki zuwa Washinton kafin Roosevelt ya sa hannu a umarnin hana wariya a masana'antun yaƙi a 1941. 'Yan Meziko kuma da aka kora, a 1942 aka ƙulla yarjejeniya da ƙasarsu aka dawo da wasu a matsayin 'yan kwantiragi na wucin gadi, su yi aikin su koma, tsarin da ya kai har 1964. Ko a cikin gonar ma Okin da yawa ba su yarda ɗaya suke da ɗan Meziko ba. Sun taho da wariyar kudu a zukatansu, kuma masu gona sun san amfanin ware sansanin kowa daban.

Baffa_Danladi:
Dattijo, jimlarka ta ƙarshe ita ce maganata tun farko. Wa ke ware sansanin? A 1934 manyan masu gonakin Kalifoniya suka kafa ƙungiyarsu don murƙushe yajin aiki, kuma binciken wani kwamitin majalisar dattawa ƙarƙashin Sanata La Follette ya nuna cewa kamfanonin jirgin ƙasa da na lantarki da na sarrafa abinci na cikin masu zuba mata kuɗi. Su ba su taɓa rabuwa ba. Kuma ba duk Oki ne ya samu shiga masana'anta ba, akwai waɗanda suka ci gaba da tsinka har injin cire auduga ya zo ya kore su a karo na biyu.

Barista_Zainab:
Baffa, mai gona bai ƙirƙiri ƙiyayyar ba, tarar da ita ya yi ya yi amfani da ita. Waɗanda suka yi farautar 'yan Filifin a Watsonville ba attajirai ba ne.

Hajiya_Kulu:
Nura, tunda kana can, ka tambayo mana maƙwabcin naka: sauran 'yan'uwan kakar tasa da aka sa a jirgin tare, su ma sun dawo, ko can suka ƙare?